Amsoshin Tambayoyinku: Finafinan da Ba Sa Zuwa Silima

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau jakar tamu ta cika ta batse, kuma kusan duk saƙonnin a kan abu ɗaya suke, wato finafinan da ake shiryawa musamman domin talabijin, waɗanda ba a kai su gidan silima. Tare da ni akwai dattijonmu, tsohon ma'aikacin gidan talabijin, wanda ya yi furfura a sashen tsara shirye-shirye. Baba, barka da zuwa.

Baba: Barka kadai, 'yata. Ya aiki, ya jama'a?

Mai gabatarwa: Alhamdu lillahi. Amma Baba, ina roƙon arziki tun yanzu. Injiniya ya ce minti 20 gare mu, kuma na san halinka.

Baba: Ai ke ce mai fili. In na yi nisa ki jawo ni.

Mai gabatarwa: To madalla. Saƙon farko daga Damagaram yake, a Jamhuriyar Nijar, daga wani malamin makaranta. Yana cewa: mene ne bambancin fim ɗin talabijin da fim ɗin silima da kuma shiri mai dogon zango, tunda ni duk a akwati ɗaya nake ganinsu? To Malam, shiri mai dogon zango shi ne irin su Daɗin Kowa da Labarina, wanda ake yanko maka kaɗan kaɗan duk mako. Fim ɗin silima kuwa an yi shi ne don masu sayen tikiti, sai ya gama cin kasuwarsa a can sannan a sayar wa gidajen talabijin. Na ukun, wanda muke magana a kai, gidan talabijin ne da kansa yake sa a yi masa, ya biya, kuma shi zai fara nunawa. Labarin ya fara a daren, ya ƙare a daren. Ko ba haka ba, Baba?

Baba: Haka ne, amma ki tambayi wa ke biyan kuɗin, nan gizo yake saƙa. Wanda ya shiga silima ya riga ya biya, an kashe fitila, ko fim ɗin ya gundure shi da wuya ya tashi. Na gida kuwa yana falo, rimot na hannunsa, yara na ihu, tukunya na kan wuta. Kuma ba shi ya biya ba, mai talla ne ya biya. Saboda haka fim ɗin talabijin kamar ɗinkin da aka kai wa tela ne da awo: an ce masa ga tsawo, ga faɗi, kada ya ƙara ko taƙi ɗaya. In tasha ta ware awa 2, fim ɗin kansa bai fi minti 85 zuwa 90 ba, sauran na masu talla ne. Marubuci sai ya yanka labarin gida gida, kowane gida ya ƙare a inda zuciyarki za ta tsinke, don kada ki canza tasha lokacin tallar sabulu. Ko an cire tallar, ni zan gane. Kiɗa zai tashi, fuskar jaruma ta cika allo, allo ya yi baƙi, sai a dawo a nuna miki gidan daga waje.

Kuma abin ya samo asali ne a Amurka. A 1961 tashar NBC ta fara nuna finafinan Hollywood a daren Asabar, jama'a suka karɓa, sauran tashoshi suka bi. Ba a daɗe ba finafinan suka fara ƙaranci, masu su kuma suka tsauwala farashi. Sai tashoshi suka ce, to me zai hana mu yi namu? Wanda aka fi ɗauka a matsayin na farko shi ne See How They Run, NBC ta nuna shi a Oktoban 1964. Da ma ba shi aka tsara zai zama na farko ba. Akwai wani mai suna The Killers, a shekarar aka yi shi, amma da tasha ta kalla ta ce zubar da jinin ya yi yawa a shiga da shi ɗakin mutane, sai aka tura shi silima. Kin san wa ya fito a mugu a ciki? Ronald Reagan. Shi ne fim ɗinsa na ƙarshe, daga nan ya faɗa siyasa, ya yi gwamnan Kalifoniya, a 1981 ya zama shugaban ƙasa. Ki riƙe sunansa, zai dawo.

Mai gabatarwa: Na riƙe. Malam na Damagaram, ina fata ka ji: wanda tasha ta sa aka yi mata, ta fara nunawa, kuma ya ƙare a zama ɗaya, shi ne fim ɗin talabijin.

Sai wani daga Zangon Kumasi a Ghana, yana tambaya ko Mr. Bean fim ɗin talabijin ne. A'a, ɗan'uwa. Gajeren shirin barkwanci ne na tashar ITV ta Birtaniya, kashi 15 kacal, daga 1990 zuwa 1995. Finafinansa biyu na 1997 da 2007 kuwa na silima ne. Kuma wannan da kake gani kamar wawa, Rowan Atkinson, injiniyan lantarki ne, har Jami'ar Oxford ya yi karatu.

Wata baiwar Allah daga Gombe ta ce an cuce ta. Ta zauna kallon Home Alone na huɗu, sai ta ga an canza mata yaron. Haba Hajiya! Macaulay Culkin a 1980 aka haife shi. Na farko a 1990 ya fito, na biyu a 1992, su ne nasa. Na huɗun a 2002 aka yi shi domin tashar ABC, a Afirka ta Kudu ma aka ɗauke shi. Lokacin mutumin na da shekara 22, ya isa ya ajiye iyali, kina so a ce har yanzu an manta shi a gida?

To yanzu ga tambayar da ta fi kowace yawan masu aikowa. Daga Jos, daga Kaduna, daga Garwa a Kamaru, har da wasu 'yan'uwanmu Kirista Hausawa daga Kudancin Katsina. Wasu na cewa, me ya sa da zarar shekara ta zo ƙarshe sai tashoshin tauraron ɗan'adam su cika da finafinan Kirsimeti, kuma duk labarinsu ɗaya? Wasu kuma, su ne mafi yawa, suna cewa, mu me ya hana mu samun finafinan Sallah irin haka? Baba, mu fara da ta farkon.

Baba: Labari ɗaya ne mana, ai ba ɓoyewa suke yi ba. Bari in ba ki shi. Yarinya ce mai babban aiki a birni, ba ta da lokacin kowa. Sai wani uzuri ya mai da ita ƙauyensu ana gab da biki. Ko masaukin baƙin kakarta ne za a sayar, ko gidan burodin babanta ne zai durƙushe. Can sai ta haɗu da saurayinta na ƙuruciya, ko wani kafinta mai kirki da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya. Su fara da faɗa, su shirya, a sami rashin fahimta saura minti 15, a warware saura minti 3. Shi ke nan.

Uwar wannan sana'a ita ce tashar Hallmark. Kuma abin da mutane ba su sani ba, Hallmark asalinta kamfanin buga katin gaisuwa ne, an kafa shi a birnin Kansas a 1910. Tun 1951 yake ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo a talabijin, kuma na farkon ma a jajiberin Kirsimeti aka nuna shi. Daga 2009 tasharsu ta mai da abin kaka guda, su fara tun ƙarshen Oktoba har shekara ta fita, a 'yan shekarun nan sukan fitar da sababbi wajen 40 a kaka ɗaya. To mai sayar da katin gaisuwa da kayan ado na biki, wane irin labari kike so ya ba ki? Na kisan kai?

Mai gabatarwa: Amma Baba, 40 a shekara, ta yaya?

Baba: Da araha da sauri. Fim ɗaya ba ya wuce mako 2 zuwa 3 ana ɗauka, kuɗinsa kuma wajen dala miliyan 2, wanda a Hollywood bai kai ladan babban jarumi ɗaya ba. Mafi yawa a Kanada ake yi, musamman kewayen Bankuba, saboda gwamnati na rage musu haraji, dalar Kanada kuma ba ta kai ta Amurka ba. Wannan ƙaramin garin Amurka da kike gani, sau da yawa garin Kanada ne. Ita kanta dusar ƙanƙarar ta bogi ce, don da yawa da bazara ake ɗaukarsu. Kumfa ce, da farin ƙyalle da ake shimfiɗawa, da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, sauran a ƙarasa a kwamfuta. Jaruma na sanye da ƙatuwar rigar sanyi tana karkarwar ƙarya, ana cewa a yanke sai a ruga a goge mata gumi. Ki lura da bakinsu, in da gaske sanyi ake yi za ki ga tururi na fita in suna magana. Ni har ganyen bishiyoyin baya nake dubawa, wani lokaci kore shar...

Mai gabatarwa: Baba, na jawo ka. Finafinan Sallah.

Baba: Af, to. Mu dai a zamaninmu, ranar Sallah aikinmu shi ne mu ɗauko filin Idi, mu ɗauko jawabin Sarki, mu bi Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da kyamara mai nauyi a kafaɗa. Da dare a sa wasan kwaikwayo, irin su Samanja na Kaduna, mutane su taru gidan mai akwati. Tasha ce ke yi, tasha ce ke biya. Da bidiyo ya zo, daga Turmin Danya a 1990, sai harkar ta bar hannun tasha ta koma kasuwa. Mai kuɗi ya zuba, a buga kaset, daga baya faifai, a kai Ƙofar Wambai a Kano a rarraba. Gidan talabijin sai ya zama mai sayen ragowa, in fim ya gama yawonsa a kasuwa a saye shi da araha a cike lokaci da shi. Tasha ba ta saba cewa ga kuɗi, yi mini fim kaza, ranar kaza nake so ba. Da Arewa24 ta zo a 2014 ta dawo da wannan al'adar ta sa a yi mata, amma a shiri mai dogon zango ta fi zuba ƙarfinta, don mai talla ya fi son wanda zai dawo masa duk mako. Dubi Masar ma. Su kakarsu azumi ce, amma ba fim ɗaya suke yi ba, shiri ne mai kashi 30, kowane dare ɗaya bayan shan ruwa. Mu kuma da azumi masu ɗaukar nauyi wajen tafsiri suke tafiya, kuma ba laifi ba ne.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu tambaya su ji da kyau. Akwai finafinan da ake saki lokacin Sallah, a silima ko a YouTube, wannan ba a musu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fim ɗin da labarinsa na Sallah ne, tasha ta sa a yi mata, ta dinga maimaita shi duk shekara. Baba ya ce dalili shi ne kuɗin fim ɗinmu daga kasuwa ya taso, ba daga tasha ba. Ni kuma ina da nawa ra'ayin. Kirsimetin Amurka da Kanada a tsakiyar hunturu yake zuwa, rana ta faɗi da wuri, waje ba ya fituwa, dole a zauna gaban akwati. Sallarmu kuwa bikin fita ne. Wa zai zauna kallo ranar da ya ɗinka sabuwar shadda? Yara na yawon barka da Sallah, mata na rabon tuwo, in Babbar Sallah ce ana fama da suya har dare. Ga shi kuma watanmu yana zagayawa, kowace shekara ya ja baya da kwana 11, bana da zafi, nan da wasu shekaru da hunturu, ba ta da kamanni ɗaya irin na ƙanƙara.

Amma wannan ba uzuri ba ne ga 'yan fim ɗinmu, kuma ina so su ji ni. Labarin Sallah a zube yake a titi. Daren Sallah ne, tela ya karɓi ɗinkin mutum 50, ya gama na 20, an ɗauke wuta, ga amarya a bakin shago tana kuka, ga Alhaji ya turo yaransa. Ko ragon layya ya tsinke igiya a jajibere, maigida na binsa unguwa unguwa, kuma bashi ya ciyo shi. Wane ne ba zai kalli wannan ba, daren Sallah ana zaune ana jiran lalle ya kama? Kuma baɗi ma a sake sawa, ba ya tsufa. Masu kamfanonin sinadarin girki da na layin waya, ku ma da ku nake.

Baba: In an yi, ni zan fito a telan.

Mai gabatarwa: Ai kuwa ka dace, Baba, kai ma ba ka gama abu a kan lokaci. Saƙo na gaba daga Sakkwato yake, wata ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Ta ce ta kalli Gifted Hands, labarin likita Ben Carson, ya burge ta ƙwarai, har shi ya ƙara mata ƙwarin gwiwar karatu. Tambayarta, shin duk abin da ake nunawa a irin waɗannan finafinai na tarihin mutane gaskiya ne?

Ƙanwata, wannan fim ɗin talabijin ne kam, tashar TNT ta nuna shi a 2009, Cuba Gooding Jr. ne ya fito a likitan. Ginshiƙin labarin gaskiya ne. Carson ya tashi a birnin Detroit cikin talauci, a hannun uwa wadda karatunta bai yi nisa ba, ta taƙaita musu kallon talabijin, ta tilasta musu karanta littafi 2 duk mako. Yana da shekara 33 ya zama shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins. A 1987 ya jagoranci tawagar mutum 70 suka shafe awa 22 suna raba wasu tagwaye 'yan Jamus da aka haifa manne ta ƙeya. Duk wannan ya faru. Sai dai fim ɗin ya tsaya ne a inda aka fito daga ɗakin tiyata ana murna. Abin da ya biyo baya, yaran biyu sun rayu, amma sun tashi da naƙasa mai tsanani a ƙwaƙwalwa. Ba a yi miki ƙarya ba, an dai zaɓi inda za a sa aya. Kuma ki tuna daga littafin da shi Carson ya ba da labarin kansa aka ɗauko fim ɗin. Ke da za ki yi aikin asibiti, ya kamata ki san kashi na biyun ma. Baba?

Baba: Ni a wannan asibitin akwai wanda ya fi tsaya mini a rai. Tashar HBO ta yi fim ɗin a 2004, Something the Lord Made. Labarin Vivien Thomas ne, baƙar fata, kafinta, ya so karatun likita amma kuɗinsa suka salwanta lokacin karyewar tattalin arzikin Amurka. A 1930 ya sami aiki a ɗakin gwajin wani likita farar fata, Alfred Blalock, yana aikin ƙwararru ana biyansa albashin mai shara. Shi ya ƙware a kan hanyar yi wa jariran da ake haifa da ciwon zuciya aiki, waɗanda jikinsu kan yi shuɗi saboda ƙarancin iska a jini. Ranar da aka fara yi wa ɗan'adam, a Nuwamban 1944, Thomas na tsaye a kan ɗan benci bayan Blalock yana gaya masa inda zai sa allura. Da aka sa wa aikin suna, sai aka sa na Blalock da na likita Helen Taussig, babu nasa. Sai a 1976 jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa.

Mai gabatarwa: Baba, ita tambayarta ko gaskiya ne.

Baba: To ai shi nake faɗa. Wani lokaci fim ɗin ne ke rage gaskiya, wani lokaci shi ne ke tono wadda aka binne. Abin da dai za ta sani, hirarrakin cikin ɗaki marubuci ne ya ƙirƙira, ba wanda ya naɗe su. Kuma rayuwar shekara 40 a minti 100, dole a haɗe mutum uku su zama ɗaya, a kawo na baya gaba. In za ta kalli wani, ta nemi Temple Grandin na 2010. Mace ce mai larurar otizim, ba ta yi magana da wuri ba, amma ta fahimci yadda shanu ke tsorata, ta tsara lanƙwasassun hanyoyin da ake bi da su a mayanka ba tare da sun firgita ba. 'Yan'uwanmu Fulani za su ji daɗinsa.

Mai gabatarwa: Ƙanwata, ki ci gaba da karatunki, fim ya zaburar da ke, amma kada ki rubuta shi a jarrabawa.

Wani matashi daga Zariya ya ce ya ji fim ɗin talabijin na waɗanda tauraronsu ya dusashe ne, ko waɗanda suka kasa shiga silima. Kai yaro, wa ya gaya maka? A da an yi wannan rainin, gaskiya ne. Amma a Nuwamban 1971 tashar ABC, a filinta na fim ɗin mako, ta nuna wani mai suna Duel. Mutum ɗaya ne a ƙaramar mota, wata tsohuwar tanka na binsa a hanyar daji tana neman hallaka shi, har aka gama ba a ga fuskar direbanta ba. Wanda ya ba da umarni ɗan shekara 24 ne, sunansa Steven Spielberg. Fim ɗin ya yi kyau har aka ƙara masa tsawo daga minti 74 zuwa 90 aka kai shi silima a Turai. Bayan shekara 4 ya yi Jaws. Bambancin da ke akwai na kyauta ne: Oscar sai fim ya yi mako guda ana nuna shi a gidan silima kafin talabijin, na talabijin kuwa kyautarsu Emmy ce.

Sai wani dattijo daga Mai Wurno a ƙasar Sudan. Baba, Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya yaye muku wannan fitina. Yana tambaya, akwai fim ɗin talabijin da ya taɓa sa mahukunta suka canza tunani?

Baba: Yauwa, ga Reagan ya dawo. Ranar 20 ga Nuwamban 1983 ABC ta nuna The Day After. An nuna abin da zai sami mutanen garin Lawrence a jihar Kansas in Amurka da Tarayyar Sobiyet suka harba wa juna makaman ƙare dangi. Manoma, ɗalibai, likitoci, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Fiye da mutum miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya. Kuma ga abin da ke ba ni mamaki a matsayina na ɗan sana'a: daga inda bam ya tashi har ƙarshe, ba a sa talla ko ɗaya ba. Wa zai tallata man goge haƙori bayan an ƙone gari? An kai wa Reagan ya kalla tun kafin a nuna wa jama'a, ya rubuta a kundinsa cewa ya jefa shi cikin damuwa ƙwarai. A 1987 aka nuna shi a talabijin ɗin Sobiyet, a Disambar shekarar kuma Reagan da shugaban Sobiyet Gorbachev suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da makamai masu cin matsakaicin zango. Ba zan ce fim ne ya yi wannan ba, dalilai na da yawa.

A Birtaniya ma, a 1966 BBC ta nuna Cathy Come Home na Ken Loach. Mata da miji ne, mijin ya yi haɗari ya rasa aiki, suka rasa gida, a ƙarshe hukuma ta ƙwace 'ya'yan daga hannun uwar a tashar jirgin ƙasa. Mutum wajen miliyan 12 suka kalla, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Ƙungiyar Shelter mai taimakon marasa muhalli ta buɗe 'yan kwanaki bayan nan, da ma an shirya buɗe ta, amma fim ɗin ya jawo mata jama'a. Sirrin dai shi ne, a lokacin tashoshi ba su da yawa, a Amurka manya 3 ne. Ƙasa guda ta kalli abu guda a dare guda, gari ya waye kowa shi yake zance. Yanzu kowa da wayarsa, miji na kallon ƙwallo, mata na kallon fassarar Indiya, a kan gado ɗaya. Ni a gidana ma...

Mai gabatarwa: Baba, injiniya na ɗaga mini yatsu biyu. Bari in yi sauri da sauran.

Daga Injamena, ana tambaya ko an yi irin waɗannan a kan Afirka. An yi. HBO ta yi Mandela a 1987, Danny Glover ya fito a Mandela, lokacin shi kansa yana kurkuku. Ta kuma yi Sometimes in April a 2005 kan kisan kiyashin Ruwanda na 1994, da Idris Elba, kuma a Ruwandan aka ɗauke shi. Wannan kada a kalla da yara.

Daga Maraɗi, wani yana cewa ya ga fim ɗin da guguwa ke kwaso kifayen shak daga teku tana zubo su a cikin gari, shin hakan na faruwa? Haba Malam! Sharknado ke nan na tashar Syfy, 2013. Shirme ne da gangan, don a yi dariya aka yi shi, kuma shirmen ya karɓu har sai da aka yi 6. Ka kwanta ka yi barcinka, Maraɗi ma ina ta ga teku?

Wata uwa daga Bauchi ta ce 'ya'yanta sun dame ta da waƙoƙin High School Musical. Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Tashar Disney ta yi shi a 2006, na biyunsa a 2007 mutum sama da miliyan 17 suka kalla a daren farko, shi ya sa na ukun aka kai shi silima. Ki sa musu lokaci, rimot ɗin ya kwana a ɗakinki.

Akwai sauran saƙonni daga Yola da Agadas da Tamale kan yadda ake fassara irin waɗannan finafinai zuwa Hausa, da kuma wa ke da haƙƙin mallakarsu. Ba mu manta da ku ba, su za mu fara ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya.

Baba: Amin, 'yata. Amma ban gama maganar ganyen bishiyar nan ba.

Mai gabatarwa: Sai wani makon, Baba. Jama'a, a ci gaba da aiko da tambayoyi, a rubuta gari da ƙasa a fili. A madadin injiniya da sauran abokan aiki, nake cewa mu kwana lafiya.